Manhajar da ke zaɓen wanda za a ba rance: ba kanta take gaskatawa ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin bankin ba da rance. Bara aka kawo mana manhajar da aka horar da bayanan tsofaffin kwastomomi, ita ke ba mutum maki kafin a ba shi bashi. Akwai wata mai ƙosai a layinmu, shekara da shekaru tana zubin adashi ba fashi, amma cinikinta a gwangwanin madara yake kwana, ba a asusu ba. Manhaja ta ƙi ta. Abin da ya tsaya min a rai: wanda aka hana, har abada ba za mu san ko zai biya ba. Bana kuma da bayanan waɗanda ta amince da su kaɗai za a sake horar da ita. Oga ya ce ai lissafi ya yi kyau.

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin taɓo inda yake ciwo. A 2016 Kristian Lum da William Isaac sun gwada tsarin PredPol, manhajar da ke yi wa 'yan sanda hasashen inda za a aikata laifi, a kan bayanan kamen masu ƙwaya na birnin Oakland a Amurka. Sai ya riƙa nuna unguwannin baƙar fata, don can 'yan sanda suka saba kame. A tura su can, su ƙara kamawa, na'ura ta ce kun gani ko?

Ɗan Kwari:
To kafin manhajar fa? Wa ka sani ne, da ɗan wane. Gara na'ura, ba ta da suruki.

Abu Sadiq:
Ba ta da suruki, Alhaji, amma daga littafin masu surukan ta yi karatu.

Injiniya:
Maganar Alhaji ba ta faɗi ƙasa ba. Lokacin korona, Togo ta yi amfani da bayanan kiran waya wajen gano matalautan karkara a shirinta na tallafin kuɗi mai suna Novissi, kuma tallafi ya isa ga jama'a da sauri. Sai dai marar waya ba ya cikin lissafin. Shawarata, Hajiya: ku ware ɗan kaso cikin waɗanda manhajar ta ƙi, ku zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ku ba su rance kaɗan, ku ga yadda za su biya. Wannan bayanin a zuba mata.

Maman Ilham:
Na gode. Zan kai wa oga ranar Litinin, in ya yarda a yi asarar gwaji. Mai ƙosan dai ta riga ta karɓa wajen ƙanin mijinta.