Wa ya san hanyar fito da localhost waje ba tare da sayen hostin ba?

Auwal: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa biyan kuɗi na Paystack a wani shafi na Laravel (tsarin gina shafi da yaren PHP), yana kan laftof ɗina kawai, wato localhost, a ƙofa (port) mai lamba 8000. Su kuma ba za su turo saƙon cewa kuɗi ya shiga ba sai an ba su adireshin da ake gani a intanet. Aljihu bai kai hostin ba tukuna. Me kuke amfani da shi?

Sadiq: Sauke manhajar ngrok, ka rubuta ngrok http 8000, za ta ba ka adireshin intanet mai kaiwa ga laftof ɗinka. Magana ta ƙare.

Auwal: Sai na buɗe akawun?

Sadiq: E. Ka yi rajista su ba ka lambar shaida, ka sa ta sau ɗaya da ngrok config add-authtoken, shi ke nan. Ka kuma buɗe 127.0.0.1:4040 a burauza, duk abin da aka turo maka za ka gan shi, har ka sake harba shi ba sai ka sake biya ba.

Hafsat: Ni cloudflared nake yi. cloudflared tunnel --url http://localhost:8000, ba rajista ba komai. Adireshin trycloudflare.com zai ba ka. Illarsa ɗaya, duk ka kashe ka kunna sai ya canja suna, ka koma ka gyara a wajen Paystack.

Nazifi: Wai me ya sa kuke wahalar da yaro? Ya buɗe ƙofar a rauta ɗinsa kawai mana.

Hafsat: Da datar waya? Nazifi, adireshin IP ɗin nan ku da yawa kuke rabawa, ba naka ba ne kai kaɗai. Ka buɗe ƙofa har gobe, ba mai isowa. Shi ya sa ramin (tunnel) da su ngrok da cloudflared ke buɗewa yake aiki: kwamfutarka ce ke fita ta kama sabarsu, baƙi kuma su biyo ta wannan igiyar su shigo.

Nazifi: To Malama, na karɓi karatu.

Malam Kabiru: Auwal, kowanne ka zaɓa, tsaya ka ji abin da ya same ni, kuma laifina ne ba na kowa ba. Bara ina yi wa wata makarantar Islamiyya tsarin sakamakon ɗalibai a XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar PHP. Shugaban makarantar ya ce yana son gani a wayarsa, sai na buɗe rami kan 80 na tura masa adireshi. Na manta cewa 80 ɗin ba aikinsa kaɗai ke ciki ba, duk abin da ke htdocs ne, wato foldar shafukan XAMPP, har da phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbun bayanai, kuma babban akawun ɗinsa root ba kalmar sirri kamar yadda ya zo. Hankalina kwance don na san an kulle phpMyAdmin sai daga cikin na'urar. Ashe duk wanda ya biyo ta ramin, Apache, sabar da ke cikin XAMPP, ganinsa yake daga 127.0.0.1, wato ɗan gida. Shi kuma bawan Allah don murna ya jefa adireshin a zauren malamai. Na tafi sallar isha'i, na biya ta wajen mai shayi, na bar laftof a kunne. Ina dawowa na tarar da saƙon wani matashin malami, ya ɗauko hoton teburin makin ɗalibai gaba ɗaya, wai "Injiniya, wannan ma na gwaji ne?" Wallahi gumi ne ya keto min. Allah ya sa mutumin kirki ne, bai taɓa komai ba. Tun ranar ba na buɗe 80, aikin kaɗai nake tayarwa a tasa ƙofar, in mutum ya gama gani in danna Ctrl+C nan take.

Sadiq: Hahaha, mai shayi ya so ya ja maka.

Ummi: Innalillahi. Ni ma DEBUG=True, mai nuna wa kowa bayanan cikin shafi in an samu kuskure, na taɓa bari a Django haka. Auwal duba irinsa na Laravel, APP_DEBUG, a fayil ɗin .env ɗinka.

Nazifi: Abin da ake gudu ke nan da PHP. Ku dawo Node ku huta.

Malam Kabiru: PHP ɗin nan ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yana. Kai Node ɗinka ya saya maka ko taya?

Nazifi: Allah ya huci zuciyar Malam, tuba nake.

Sadiq: WordPress ma PHP ne, kuma da shi ka ci abincin azumi, mun sani.

Bello: In kana da ssh ba sai ka sauke komai ba. ssh -R 80:localhost:8000 nokey@localhost.run

Ummi: Akwai npx localtunnel --port 8000 ma, tunda Nazifi ya matsa sai Node.

Hafsat: Sadiq, shafin gargaɗin nan da ngrok na kyauta ke nuna wa mai burauza fa? Wata hajiya da na tura wa ta ɗauka 'yan damfara ne, ta kira ni tana faɗa.

Sadiq: Masu burauza yake tarewa. Auwal saƙon saba zuwa saba yake jira, ba ruwansa. Kuma yanzu suna ba da adireshi ɗaya tsayayye kyauta, ba sai yana canjawa ba.

Auwal: Na gode ƙwarai. Na sauke ngrok, ina cikin sa lambar aka ɗauke wuta, batir 9%. Da safe in sha Allah.

Bello: Wai har yanzu ba wanda ya san mai gyaran inbata a wajen Zoo Road? Tun jiya nake tambaya.