Yaya aka yi Southwestern Bell ya saye kamfanin da ya haife shi?

Mai neman sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ji an ce AT&T na yau asalinsa Southwestern Bell ne, kamfanin tarho na jihohi 5 kacal a Amurka. Ta yaya kamfanin yanki ya kai ga haka?

Injiniyan layi: Wa'alaikumus salam. Gwamnatin Amurka ta maka AT&T a kotu a 1974 kan babakere, aka sasanta a 1982 cewa zai rabu da kamfanoninsa na tarhon gida, har da Southwestern Bell, rabuwar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1984. Kamfanonin gida 22 aka tattara ƙarƙashin manyan kamfanonin yanki 7. Southwestern Bell ya samu Texas, Missouri, Oklahoma, Kansas da Arkansas, hedikwatarsa a St. Louis. An hana kamfanonin yankin harkar kiran nesa da ƙera kayan tarho. Amma lura da abin da aka bar musu: wayar da ke shiga kowane gida. Duk kiran nesa dole ya bi ta kanta, AT&T kuma sai ya biya su kuɗin mahaɗa a kan kowane minti.

Mai bin hannun jari: Haka ne, Malam, can arzikin yake. Ribar kiran nesa ta riƙa zagwanyewa saboda abokan hamayya MCI da Sprint suna karya farashi, ga bashin da AT&T ya ciwo wajen sayen kamfanonin talabijin na waya, ƙarshe ya sayar da su ga kamfanin talabijin na waya Comcast a 2002. Shi kuwa Southwestern Bell kuɗinsa na shigowa duk wata. Ya mayar da hedikwatarsa San Antonio a 1993, ya sauya suna zuwa SBC a 1995. Dokar sadarwa ta 1996 ta buɗe ƙofa, sai ya sayi wasu kamfanonin tarho na yanki: Pacific Telesis a 1997, SNET a 1998, Ameritech a 1999. A 2005 ya sayi AT&T ɗin kansa a kan kusan dala biliyan 16, ya ɗauki sunan don ya fi shahara.

Mai duba dokoki: Kada a manta da salula. Tun 1987 Southwestern Bell ya sayi sashen salula na kamfanin Metromedia. Daga baya ya haɗa kai da BellSouth, ɗaya daga cikin kamfanonin yanki 7 ɗin, suka kafa kamfanin salula Cingular, SBC na da kashi 60, BellSouth 40. Kamfani ɗaya da iyayengiji biyu yana da wuyar juyawa, kuma wannan na cikin dalilan sayen BellSouth a ƙarshen 2006. Bayan dokar 1996, izinin kiran nesa ma jiha-jiha aka riƙa bayarwa, sai kamfani ya cika sharuɗɗa 14 na buɗe layukansa ga abokan hamayya. Na SBC a Texas ya fito a 2000.