Neman kalma: gas ɗin nan mai kashe gobara ba da ruwa ba, me za mu kira shi?

Ɗan Obalende:
Salamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar takardar gargaɗi da 'yar takardar horo ta masu gadi da masu shara na wani bene a Victoria Island, yawancinsu 'yan Arewa ne. Litinin da safe za a manna ta a ƙofar ɗakin manyan kwamfutoci. Ɗakin ba a kashe gobararsa da ruwa, don ruwan zai fi wutar ɓarna. Jajayen tukwane ne jere a bango cike da wani gas mai suna FM-200, in na'ura ta ji hayaƙi sai ƙararrawa ta buga, bayan ɗan jinkiri su fesa. Turawa na ce masa clean agent. Na rubuta "tsaftataccen sinadari", da na karanta sai na ji kamar tallan sabulu. A taimaka.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Ai an gama: busasshiyar kwana-kwana. Kowa ya san 'yan kwana-kwana, kowa ya san bushewa.

Injiniya Ikeja:
Malam, da girmanka, wannan zai rikita mutane. Busasshen abin kashe wuta da suka sani shi ne tukunyar hoda da ke rataye a kowane shago. In maigadi ya fesa hodar nan a kan kwamfutoci, ya gama da su. Shi wannan ana ce masa mai tsafta ne don ba ya barin komai a baya, ba danshi ba ƙura, kuma lantarki ba ya bi ta cikinsa.

Hajiya Fassara:
To a ce "iskar kashe wuta". Gajere ne, yana shiga baki.

Baban Agege:
Hajiya, ki ce wa mutumin ƙauyenmu akwai iska a ɗakin can, ko dai ya ɗauka fanka ce ya shiga shan iska, ko ya koma neman mai ruƙiyya. Gas kawai za a ce.

Malam Mai Alli:
Gas ba Hausa ba ne. Abin da ke kashe mana harshe ke nan, da an ga sabon abu sai a miƙa hannu ga Bature. In busasshiya ba ta yi ba, ga maƙure-wuta. Tana maƙure wutar ta mutu. Na daɗe ina riƙe da kalmar nan.

Injiniya Ikeja:
Kalmar ta yi daɗi, Malam, amma rabi ta kama. Wani gas mai suna Inergen ne ke maƙurewa: naitirojin kashi 52, agon 40, kabon dayoksaid 8, yana sauke iskar shaƙa daga kashi 21 zuwa wajen 12 ko 13, wuta ta mutu, mutum kuma ya samu ya fita. FM-200 da wani irinsa, Novec 1230, zafin wutar suke zuƙewa, cikin daƙiƙa 10 sun gama fesawa. Akwai kuma na kabon dayoksaid zalla, wanda ke maƙure wutar har da wanda ya tsaya a ɗakin. In duka suka zama maƙure-wuta, yaya za a bambance mai kisa da wanda ba ya kisa?

Baban Agege:
Kuma Malam, mota da kwamfuta da ka rubuto mana da ita, daga Daura aka kawo su?

Malam Mai Alli:
Hausar bariki ce ke damunku. Kun daɗe a Ikko har kun manta yadda ake ƙera kalma. Kalmar jirgin sama wa ya ƙera mana? Ba kakanninmu ba?

Baban Agege:
Zangon Agege ya girmi kakan wani a nan, Malam. Mu da muke ciniki da Yarbawa kullum ba mu yar da harshenmu ba, ba sai an zo daga Kano an koya mana ba.

Hajiya Fassara:
Don Allah ku bar Kano da Agege su huta, yaron nan Litinin yake jira. Amma gas ɗin ma da matsalarsa. A kunnen mutane gas na girki ne, mai fashewa. Maigadi ya ga tukwane goma an rubuta gas, ranar da ƙararrawa ta buga sai ya wangale ƙofa da tagogi don gas ɗin ya fita, yana ganin taimako ya yi.

Injiniya Ikeja:
Hajiya ta taɓo inda ke min ciwo. Ƙa'idar NFPA 2001 ta Amurka, wadda galibi ake bi a nan, tana son gas ɗin ya zauna a ɗaki aƙalla minti 10, in ba haka ba wutar na iya farfaɗowa. Shi ya sa dubawa ba ta tsaya ga tukwane ba. Duk wata 6 ana duba nauyinsu da allurar agogon da ke wuyansu. In nauyi ya ragu fiye da kashi 5 cikin ɗari, ko matsi fiye da kashi 10, sai a sake cikawa. Shi kuma ɗakin ana kafa babbar fanka a ƙofarsa, a hura a zuƙe, a ga inda yake yoyo. Na taɓa shiga wani wuri, tukwane lafiya lau, sai na ɗaga tayil ɗin ƙasa na tarar masu jan waya sun huda bango, ramin da hannuna ke shiga har gwiwa, ba wanda ya toshe. Wata ƙofar kuma an tokare ta da kujera wai masu shara na jin sanyi. Ƙanena, ko me ka kira shi, rubuta "FITA, KA RUFE ƘOFA" da manyan baƙi a sama.

Ɗan Obalende:
Na gode, yayana. Ga abin da na tsayar: "Ɗakin nan yana da gas mai kashe wuta. Ba na girki ba ne, ba ya kamawa. In ka ji ƙararrawa, fita, ka rufe ƙofa, kar ka koma sai injiniya ya ce." A cikin takardar horon zan sa maƙure-wuta a wurin da ake bayanin Inergen kawai.

Malam Mai Alli:
Jimla uku a wurin kalma ɗaya, wannan ai bayani ne, ba suna ba. Amma tunda an sa tawa ko a lungu ne, na yi shiru. Ban yarda da gas ba dai, a rubuta.

Hajiya Fassara:
An rubuta, Malam. Saura gwajin fankar nan. Ni "gwajin yoyon ɗaki" na ke gani.

Baban Agege:
Yoyo kuma? Za a ce rufi ne ke zuba, a kira kafinta.