Ƙafar bayan Phoenix ɗina tana girgiɗi, ɗaurewa zan yi ko sauya boris?

Auwalu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina da tsohon keke Phoenix mai taya 28 da nake ɗaukar kaya da shi. In na kama tayar baya na jijjiga hagu da dama sai in ji ƙwas-ƙwas, a kan tafiya kuma akwai gurnani daga hob, wato cibiyar ƙafar. An taɓa ɗaure mini kon, wato notin nan mai tsini da ke danne ƙwayoyin boris a cikin hob, ba a jima ba ya koma gidan jiya. Ina so in gyara da hannuna. Me zan saya, kuma ta ina zan fara?

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Auwalu, girgiɗi kaɗai ɗauri yana maganinsa, amma tunda har da gurnani sai an buɗe. Ɗaure kon a kan boris da ya ci ƙara ɓarna ne.

Ka tanadi ƙwayoyin boris masu inci 1/4, wato milimita 6.35. Tara-tara ake sawa kowane gefe a baya, 18 ke nan. Sai giris, kananzir, tsumma, sifana 17 da siririyar sifanar kon, galibi lamba 15, don sifanar yau da kullum ba ta shiga tsakanin kon da notin kulle.

Ta hagu za ka buɗe, gefen da babu cen. Cire notin kulle da washa da kon, ka jera su yadda suka fito. Shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ka zare sandar tsakiyar hob ta gefen dama, don ƙwayoyin watsewa suke yi. Ƙirga na kowane gefe. Wanke komai da kananzir ka goge ya bushe, sannan ka kai kon wurin haske. Layin da ƙwayoyi suke bi ya kamata ya zama sumul yana sheƙi. Bi shi da bakin biro: in ya sarƙe a wani ɗan rami, kon ɗin ya gama aiki. Tafi da shi kasuwa a gwada maka sabon a kan sandarka, saboda zaren tsofaffin kekuna ba iri ɗaya ba ne.

Ƙwayoyin kuwa ka sauya su duka. In ka gauraya tsoho da sabo, sababbin sun ɗan fi girma, su kaɗai za su ɗauki nauyi.

Garba Mai Keke: Malam ya faɗi daidai. Abin da zan ƙara, tunda ka ce kana ɗaukar kaya, ka duba sandar da kyau. Mirgina ta a kan gilashi ko teburi mai sumul, in tana ɗingishi ta lanƙwashe, kuma yawanci ta gefen cen take yi. Da lanƙwasasshiyar sanda ba za ka taɓa samun saiti ba, wani wuri ya matse wani wuri ya saki. Kada ka miƙar da ita da guduma, karyewa za ta yi gaba. Sayi sabuwa, sau da yawa ma haɗe take zuwa da kon da noti.

Duba kofin cikin hob ma, inda ƙwayoyin suke zama. In ya yi ramuka ko ya tsage, sai dai sabon hob a sake ɗinka ƙafar. Ƙirga ramukan waya kafin ka saya: akwai mai 36, akwai mai 40 irin na tsarin Ingila.

Auwalu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baƙin mai zai iya maye gurbin giris? Kuma yaya zan gane ɗaurin ya yi daidai?

Malam Isiyaku: A'a. Baƙin mai tsiyayewa yake yi, ya bar ƙarfe a kan ƙarfe, ga shi yana kwasar ƙurar hunturu. Cika kofin da giris, ka dasa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, giris ɗin zai riƙe su. Za ka ga ɗan gibi ya rage bayan ta tara. Haka ake so, kada ka cusa ta goma.

Kafin ka mayar da sandar, ka tabbatar kon ɗin dama da notinsa sun kulle juna sosai. In ya saki, juyawar ƙafa za ta riƙa murɗa shi ciki har ya niƙe ƙwayoyin.

Saitin duk a hagu yake. Murɗa kon da yatsu har ya taɓa ƙwayoyi, ka dawo da shi baya kamar kwatan zagaye. Riƙe shi da siririyar sifana, ka ɗaure notin kulle a kansa. A nan mutane suke faɗuwa, domin ɗaure notin yana ƙara tura kon ciki, abin da ke daidai ɗazu sai ya matse. Juya sandar da yatsu biyu. In kana jin ƙiris-ƙiris ya matse, in tana motsi gefe ya saki. Kwance ka gyara da kaɗan-kaɗan, ba abin kunya ba ne a maimaita.

Hamisu: Gwajin ƙarshe bayan ka ɗaura ƙafar a jikin keke ne: ɗaga baya, ka jijjiga a bakin rim, ka juya ƙafar ka sake jijjigawa a wurare da dama. Babu motsi, kuma ƙafar tana juyawa ba ta tsaya cak ba, to ya yi.

Tunda sifana tana hannunka, buɗe gaba ma. Ƙwayoyinta sun fi ƙanana, inci 3/16, yawanci goma-goma, siririyar sifana kuma 13. Masu tsohon Raleigh ɗan Ingila su lura, hob ɗin gaba ba shi da notin kulle, kuma kon mai juyawa dole ya kasance a hagu. Ka sake jijjiga ƙafar bayan mako ɗaya, sannan ka sabunta giris in damina ta wuce, musamman in kana ratsa ruwa.