Neman kalma: fatar bakin sandar sunuka da yadda ake gyara ta

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da yamma za mu ɗauki shirin wasanni a rediyo, kuma akwai sashe a kan sunuka, wasan buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, tunda teburanta sun cika unguwanni a Kano da Kaduna da Jos. Baƙonmu zai yi bayanin 'yar fatar nan da ake manna wa a bakin sanda, wadda 'yan wasa ke kira "tif", da yadda ake gyara samanta ya yi zagaye. Kalma biyu nake nema: sunan fatar, da sunan aikin. Ku taimaka, kafin azahar zan miƙa rubutun.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Tsinin sanda. Aikin kuma fiƙewa, kamar na fensir.

Sani Mai Tebur: Hajiya, a yi haƙuri, in aka ce fiƙewa a rediyo yara za su lalata sanduna. Abin ba shi da tsini. Faɗinsa milimita 9 zuwa 10 ne, yana zaune a kan zoben tagulla. In za ka sa sabo, sai ka kankare tsohon gam, ka manna fatar da ta ɗan fi zoben faɗi, ta bushe. Ka kifa sandar, bakin a kan katako, ka bi gefen da sabuwar reza har ya yi daidai da zoben. Sannan samfefa: daga tsakiya kake jan ta zuwa gefe, ƙasa-ƙasa, kana juya sandar a hannu. In ka ja sama, fatar za ta tashi ta yi gashi. Abin da ake so samanta ya ɗan taso, don in ka bugi farin ƙwallo a ƙasa ko a gefe domin ya juya, fatar ta kama shi. Mai shafaffen kai gefensa ne kawai ke taɓa ƙwallon, sai sanda ta goce.

Malam Inuwa: Nura, ɗana, kada ka yarda kalmar "tif" ta fita daga bakinka. Hausa tana da hanyar ƙirar sunan kayan aiki: buɗe, mabuɗi, tsefe, matsefi. Me fatar take yi? Dungurar ƙwallo. To sunanta madunguri. Aikin kuma gyaran madunguri. An gama.

Hajiya Binta: Malam, ƙirar ta yi kyau, amma ai sandar gaba ɗayanta ce ke dungurar ƙwallon. In ka ce madunguri, ni sanda zan hango.

Malam Inuwa: Sanda tana da sunanta tun kaka da kakanni. Wanda ba shi da suna shi ake raɗa wa.

Abdu Ɗan Zariya: Ni dai ban ga laifin tif ba. Sunan tebur ɗin da ake wasan a kai ma aro ne, allin da ake goga wa fatar ne kawai namu. Wasan kansa hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro shi a Jabalpur ta Indiya a 1875. Mun karɓi sunuka, sai a kan ɗan guntun fata za mu tsaya?

Malam Inuwa: Wannan ne ciwon. Komai sai a ce an riga an karɓa. Fata fa muke magana! Garin da ke da majema da dukawa tun kafin Bature ya zo, wanda fatunsa suka ƙetare Sahara, a ce ba shi da sunan da zai ba guntun fata? Shekara da shekaru ina koyarwa, ina kallon yara suna jin kunyar kalmominsu, abin yana ci mini rai.

Issoufou: Ina gaishe ku daga Damagaram. Malam Abdu, ku tuna rediyonku ana jin ta har nan. Tif ba ta gaya mini komai. Da Faransanci "procédé" ake ce wa fatar, kuma Bafaranshe ne, François Mingaud, ake danganta wa fara sa ta a bakin sanda a farkon ƙarni na 19. In kowa zai ɗauko ta wanda ya mulke shi, ba za mu fahimci juna ba. Kullum abin da Kano ta faɗa shi ne Hausa, mu sai dai mu bi.

Abdu Ɗan Zariya: Ni ba Bakano ba ne, ɗan'uwa, kuma mu ma haka ake yi mana.

Nura: Don Allah a dawo kan fata, lokaci yana tafiya.

Sani Mai Tebur: Gaskiya a wurinmu ba wanda zai ce madunguri. Amma in sanda ta lalace, yara cewa suke "bakinta ya cinye", ko "bakin ya yi leɓe" idan fatar ta baje ta zarce zoben. In ta yi santsi ta ƙi riƙe alli, mu ce a karce ta. Ka ga baki yana nan a bakin mutane. Wani abu kuma, Nura: fatun baki masu hawa-hawa, irin Kamui ta Japan, da fatar alade ake yin su. Masu sauraronka za su so su sani kafin su saya. Elk Master da aka fi sani fata ɗaya ce dunƙulalliya, ba hawa-hawa ba.

Hajiya Binta: To fatar baki ke nan. Na janye tsini. Siffar kuma fa? Ƙubba?

Issoufou: Ƙubba ta yi tsayi da yawa. Doro. Ɗan tasowa kaɗan, kamar doron hannu. "A fitar wa fatar baki da doro." Nan da can duk za a gane.

Malam Inuwa: Doro Hausa ce tsantsa, ba ni da ja. Amma "fatar baki" bayani ne, ba suna ba. Mai sauraro zai iya zaton leɓen mutum ake nufi.

Nura: A farko zan ce fatar bakin sanda, wadda 'yan wasa ke kira tif, sau ɗaya, daga nan sai fatar baki. Aikin kuma fitar da doro. Zoben tagulla da yin leɓe duk na ɗauka. Malam Sani, zan kira ka da safe ka sake bi mini yadda ake jan samfefar.

Malam Inuwa: Sau ɗayan ma ya yi yawa. Ka ambaci madunguri ko a ƙarshen shirin ne, ka bar masu sauraro su zaɓa.

Nura: In lokaci ya rage, Baba, zan faɗa.