Tirelar zango: wacce ce mai dandamali, wacce ce mai shimfiɗa?

Jama'a, ina neman agajin masu Hausa a baki. Akwai wata 'yar tirela da mutanen Ostireliya ke ja a bayan mota idan za su shiga daji su kwana, suna ce mata camper trailer. Tana tafe akwati ce kawai a kan taya biyu. In aka tsaya aka buɗe ta sai tanti ya tashi daga jikinta, ga gado da katifa, sau da yawa har da wurin girki da ake zarowa ta gefe kamar durowa, da tankin ruwa a ƙarƙashi. Iri biyu ce, kuma masu saye ba sa gajiya da gardama a kansu: hard floor da soft floor. Sunayen Hausa uku ke nan muke nema, na ita kanta da na irin nan biyu. Wasu sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan ambace su ɗaya bayan ɗaya in ba su amsa.

Mu fara da uwar. Wani ɗan'uwa ya kawo amalanken tanti. A siffa ya dace, don taya biyu ne da dogon ƙarfe a gaba da ake maƙalawa a jikin abin da zai ja. Kuma kada wani ya ce ai amalanke ce Hausa tsantsa, tirela kuwa aro: amalanke ma daga Yarbanci muka samo ta. Damuwata ita ce duk wanda ya ji amalanke ba zai kawo mota a ransa ba, balle abin da ke da birki da fitilu da lambar rajista. Tirela kuma tana da nata aibin, kunne na jin ta sai ya hango babbar motar kaya. Amma wannan mai sauƙin gyara ne, kalmar da za ta biyo baya ita za ta rage mata girma.

Na fi son tirelar zango a kan tirelar tanti. Zango ya faɗi abin da aka yi ta dominsa, kuma ya zo da aikatau ɗinsa a shirye: an yada zango, an tashi daga zango. Ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Ita kuwa wadda suke kira caravan, mai tsayayyen bango da rufi da ake ja yadda take kamar ɗaki, daban ce, a bar ta sai wani jiƙon.

Yanzu inda gizo ke saƙar. Malama, kin ce mu bi Turancin sawu da ƙafa, mu ce mai daɓe mai tauri da mai daɓe mai laushi. Ki gafarce ni, a nan zan saɓa miki. Daɓe abu ne da aka yi shi a ƙasa ya zauna, ba ya naɗuwa ya bi mota. Laushi kuma shi ne babbar matsalar. Bahaushe ya ji laushi, jin daɗi zai zo masa, ya ɗauka ita ce wadda ƙafa ke nutsewa a ciki. Alhali abin da ke ƙasan soft floor leda ce mai kauri da aka ɗinke da bangon tantin, tana kwance kai tsaye a kan ƙasa. In wurin tsakuwa ne, tafin ƙafarki zai ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Sunan da zai sa mai saye ya zaɓi abu a kan zaton da ba haka yake ba, bai yi aikinsa ba.

Bari in kwatanta yadda ake buɗe kowacce, sunan zai fito da kansa.

Ta farko, wato soft floor, tantin a naɗe yake a saman akwatin, an lulluɓe shi da tamfol. Kafin ka taɓa komai sai ka duba ƙasar da ke gefen tirelar, ka tsince duwatsu da ƙaya da guntayen itace, don duk abin da ka bari zai iya huda ledar. Sai ka zuge tamfol ɗin, ka jawo tantin zuwa gefe, ƙarafan da ke ciki su miƙe su ɗaga rufin, ledar ta sauka ƙasa. Ka bi kusurwoyi ka kafa turaku, ka shiga ciki ka daidaita sanduna har zanen ya ɗame. Gadon yana can sama a kan akwatin, da ɗan tsani ake hawa. Abin da ka samu bayan wannan wahalar fili ne mai faɗi, wanda zai ɗauki katifun yara da jakunkuna, ga kuma cikin akwatin gaba ɗaya fayau don kaya. Wannan ita na kira mai shimfiɗa. Shimfiɗa ake yi mata, kuma duk mai jin Hausa ya san ba a shimfiɗa sai an share wuri.

Ta biyu, wato hard floor, murfi ne da ita na ƙarfe ko alminiyam, an ɗaure shi da hinji. Ka ɓalle makullan gefe, ka ɗaga, murfin ya yi juyi ya sauka a bayan tirelar a kan gajerun ƙafafu da ake iya ƙara wa tsawo ko a rage. Abin da ɗazu yake rufi yanzu shi kake takawa. Yana juyawa yana jawo tantin, sai ka ga ɗaki ya tsaya cikin 'yan mintuna. Don murfin na da nauyi, ana sa masa sandunan gas masu taya ɗagawa, wasu kuma da na'urar naɗe igiya ake sauke shi a mayar. In ba iska ake yi ba, ba ka buƙatar turke ko ɗaya, don haka za ka iya yada zango a kan fako ko dutse ko siminti, inda turke ba ya shiga. In ruwa ya sauka, ya bi ta ƙarƙashinka ya wuce. Kamfanin Cub na birnin Sidni, wanda ke ƙera tirelolin zango tun 1968, da irin wannan aka fi saninsa. Ita ce mai dandamali: wuri ne tsayayye da ya ɗan ɗaga daga ƙasa.

Oga makaniki, na ga taka shawarar, kuma ita ce ta fi ba ni aiki. Ka ce mai murfi da mai tamfol, don da ido ɗaya za ka bambance su a kan hanya. Gaskiya ne, kuma murfin nan ba ado ba ne. Hanyar Gibb River da ke yankin Kimbali a Yammacin Ostireliya ta kai wajen kilomita 660, mafi yawanta ba kwalta, gargada ce da jar ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke shiga duk inda ta ga kafa. Murfin da ke da roba a bakinsa ya fi tamfol tare ta nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa zuge tamfol bayan yini a irin wannan hanya, hannunsa da rigarsa sun shaida. Amma sunanka yana kwatanta tirela a rufe ne, shi kuwa mai zaɓe kwana yake tunani: ina zan taka in na sauko daga gado da dare? Ban da haka, tamfol da zanen tanti 'yan gida ɗaya ne a kunnen mutane, kuma dukkansu biyun suna da zane, sai wani ya rikice. Ina ganin mai murfi za ta rayu a bakin masu gyara da masu sayarwa, ba kuma laifi abu ya yi suna biyu.

Wani ya tambaya, to wadda murfinta ke juyawa gaba fa? Tambaya ce mai kyau, don a nan murfin ba shi ake takawa ba. Yana sauka ne a kan dogon ƙarfen gaba, gadon yana kansa, cikin akwatin kuma ya zama wurin zama da kujeru da tebur a tsakiya. Duk da haka mutum a sama yake, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, don haka dandamali bai yi ƙarya ba. Sai mu ce mai dandamali mai sauka gaba, da mai dandamali mai sauka baya. Mai sauka gaba ba ta cin fili fiye da tsawonta, amma kusan duk cikinta kujeru sun cinye, kuma ta fi danna bayan mota.

Maganar danna mota ba ƙarama ba ce, ita ce ma ke yanke hukunci kafin son rai. A dokar Ostireliya, tirelar da nauyin da ke kan tayoyinta ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birkinta, in ya wuce kilo 2,000 kuma sai an sa birki a duk tayoyin, da wanda zai kama da kansa idan ta ɓalle daga mota. Abin da masu ja suka saba bi shi ne wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar mota. Wannan nauyin cikin kayan da motar za ta iya ɗauka ake lissafa shi. Mutum zai ga an rubuta Hilux ko Ranger ɗinsa na jan kilo 3,500 ya saki jiki, ya manta cewa fasinjoji da firji da jarkokin mai da abin da ƙugiya ta ɗauka duk a wuyan motar suke. Mai dandamali ta fi nauyi, ta fi tsada. Mai shimfiɗa ta fi sauƙi ta kowane ɓangaren, shi ya sa mai ƙaramar jif da mai ƙaramin aljihu suka fi farawa da ita.

In ka cire nauyi da kuɗi, abin da ya rage shi ne irin tafiyarka. Wanda kullum sabon zango yake yi, ya iso da magariba ya tashi da hantsi, kafa turaku da cire su zai ishe shi tun ba a je ko'ina ba. Nasa mai dandamali ce. Haka dattawan da suka yi ritaya suke zagaya ƙasar wata da watanni, su biyu rak, ba sa son durƙuso da guduma, ba sa son tsani da tsakar dare. Mai iyali kuwa da zai je bakin kogi ya yi mako a wuri ɗaya, wahalar kafawa sau ɗaya ce, faɗin ɗakin kuma kullum yana cin moriyarsa. Ni a ganina a nan mai shimfiɗa ta yi wa 'yar'uwarta fintinkau, ko da kuɗin ba matsala ba ne. Abu ɗaya da sunan ba zai cece ka daga gare shi ba shi ne jiƙaƙƙen zane. Kowacce ka naɗe da danshi ka bar ta, fumfuna za ta ci ta, sai ka sake buɗewa ta sha rana in ka isa gida. A mai sauka baya ma zanen a kan gado yake naɗuwa, shi ya sa ake rufe katifar da leda kafin a mayar da murfi.

Ku gwada su a baki ku ji: sun sayar da mai shimfiɗar sun sayi mai dandamali, tunda yaran sun girma. Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba. Hajiya da ta ce dandamali ya yi tsawo, a ce dakali, na ji ki, amma dakali na zama ne a jingina, ba a kwana a yi girki a kansa.

Saura abu ɗaya da ban samu ba. Ana ƙara musu wani zane ta gefe da zif, a tokare shi da sanduna. In ba bango, rumfa ce, ba gardama. To in aka zuge masa bango da ƙofa da ledar ƙasa har ya zama ɗaki na biyu fa? Wani ya ce shirayi, wani ya ce ɗakin ƙari. Shirayi ya fi daɗin faɗi, amma a sanina shirayi a buɗe yake ta gaba. Mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram, me kuke ce wa irin wannan?