Jiran sakamakon gwajin nama: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Ɗiyar mai jinya, Tawa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Innarmu ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. An yi eko, wato hoton cikin maman da na'ura, aka yanki ɗan nama aka ce za a aika Yamai, can ake duba shi. Tun daga nan shiru. Duk zuwa amsa guda: "Bai iso ba, ku komo." Sun rubuta lambar wayata, ba wanda ya kira. Abin da ya fi ci mini rai, har yau ba a zaunar da ita an gaya mata abin da ake tsoro ba. Ta daina barcin kirki.

Wani magidanci, Yamai: Allah ya ba Inna lafiya, ƙanwata. Sakamakon maiɗakina ashe ya daɗe da fitowa, yana ajiye cikin kabad, mu kuma muna ta zarya. Ki tambayi sunan wurin da aka kai naman da lambar da aka sa masa, ɗan'uwa na nan Yamai ya bi sawu da kansa. Daga Tawa ya fi kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kada ku kashe kuɗin mota a banza.

Uwar yara, Tawa: Ni a tsaye aka miƙo mini takardata, bakin ƙofa, duk da Faransanci. Yarona ɗan makaranta ne ya karanta, ya duba a waya, sai na ga ya fashe da kuka. Haka na ji ina da ciwon daji. Wannan ba nauyin yaro ba ne, wallahi.

Ma'aikaciyar jinya, Yamai: Hajiya, ki yi haƙuri, bai kamata a yi miki haka ba. Jinkirin yana da dalili: sai an jiƙa naman a formol, ruwan maganin da ke hana shi ruɓewa, a yayyanka shi siriri, a rina, sannan ƙwararren likita ya duba da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, kuma masu wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan. Amma rashin bayani ba shi da uzuri. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, sai dai ba a fara magani sai da wannan takarda. Tun 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai ke gashi da haske, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, abin da a da sai an fita waje. Ku nemi likitan da ya yanki naman, ku roƙe shi ya yi bayani da Hausa a gaban Inna.

Ɗan kasuwa, Ƙonni: Ku kula da ita sosai a wannan tsakanin. Gwaggona da ta gaji da "ku komo", maƙwabta suka kai ta wajen mai maganin gargajiya, aka dinga shafa mata gari har wurin ya fashe. Lokacin da takarda ta zo, ciwon ya riga ya kai hammata. Da mutum guda ya ce mata ga ranar da za ta ji, da ba ta je ba.